Koyon Kukuma Bayan Furfura

Akwai wani al'amari da ya same mu a Tambuwal wanda muka daɗe muna jin nauyin faɗinsa. Amma da muka tuna shafin nan na 'yan makaranta ne, su kuwa 'yan makaranta kullum su a ke tsarewa da ido ana neman kuskurensu, sai muka ce bari yau su ma su ji yadda malami ya kan zama in an komar da shi aji ɗaya. Mun yi shekara 24 muna koyar da lissafi, mun ƙarar da alli ba iyaka, mun ja jan layi ƙarƙashin aikin yara fiye da yadda za mu iya ƙidayawa. Sa'an nan, muna da shekara 48 a duniya, furfura ta riga ta sauko mana gemu, muka ɗauki kukuma muka ce za mu koya.

Ga yadda abin ya faro. Cikin shekarar 2016 aka ɗauke mu daga wata makaranta ta ƙasar Kebbe aka kawo mu Tambuwal. Muka sami gidan haya can ƙarshen gari, katangar ƙasa guda ɗaya ce ta raba tsakar gidanmu da ta maƙwabcinmu. Daren da muka tare, mun gaji da ɗaukar kaya, mun kwanta ke nan bayan lisha, sai muka ji wata murya ta taso daga bayan katanga, siririya, kamar mace tana kuka a hankali don kada ta ta da yara. Muka tashi zaune. Uwargida ta ce, "Malam, ai kukuma ce, kwanta." Ba mu kwanta ba sai da mai ita ya ajiye.

Da gari ya waye muka ga mutumin. Dattijo ne dogo, siriri, ya ba sittin baya, ba shi da yawan magana. Da damina noma ya ke yi, in an yi kaka kuwa ya ɗaura kukumarsa bayan keke ya bi bukukuwa, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, wani lokaci har Yabo da Jega. Ba za mu faɗi sunansa ba. A unguwa Mai Kukuma a ke ce da shi, mu kuwa Baba mu ke kiransa. Shekara uku muna gaisawa da shi da safe, muna sauraronsa da dare, ba mu taɓa nuna masa mun san yana kiɗa ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kanwar nan ta bayan katanga ta yi ta zubo mana kaɗan kaɗan, har ran nan muka tarad da kanmu muna duba aikin yara, yatsun hannunmu na hagun suna motsi bisa tebur su kaɗai.

Watakila cikinku akwai waɗanda ba su taɓa riƙe kukuma ba, don haka bari mu kwatanta muku ita. Ƙanwar goge ce. Ɗan ƙoƙo a ke samu a rufe bakinsa da fatar guza, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak ta tsagiyar doki, a tokare ta bisa fatar da wani ɗan icce da su ke kira jaki. Abin gogawa kuwa izga sunansa, shi ma tsagiya ce aka ɗame a jikin tanƙwararren ƙarfe ko icce, a kan shafa mata ƙaro don ta kama tsirkiya. Shi ke nan kayanta duka. Ibrahim Na Habu shi ya fito da ita fili, bayansa kuma aka yi gwanaye irin su Hassan Wayam da Ahmadu Doka. To, ku da kuka ga fiyano a makaranta, ko kuka ji shi cikin waƙoƙin da a ke bugawa a Kano, ku lura da bambanci. Fiyano, wanda wani mutumin Italiya mai suna Kiristofori ya ƙaga wajen shekarar 1700, babbansa yana da 'yan alluna farare da baƙaƙe guda 88, kowanne da muryarsa an riga an daidaita masa. Ko akuya ce ta taka allo ɗaya, muryar da za ta fito daidai ce. Wahalar fiyano tana gaba, wajen haɗa hannu biyu. Kukuma kuwa ba ta da allo, ba ta da alama ko ɗaya a jikin sanda, ba a ma danne tsirkiyar har ta taɓa icce. Yatsa ya kan dafa ta ne kawai, in ya kauce da kamar faɗin ƙwayar gero, murya ta ɓaci. Watau ita wahalarta tun daga bakin ƙofa ta ke tarye mutum.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mana a rai ba. Ku da kuka tashi a ƙasar Sakkwato kun san inda mu ke. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ribaɗi, garin malamai da zuriyar malamai. Shugabannin jihadin 1804 sun yi rubutu a kan kiɗa, sun sassauta ga gangar yaƙi da ta sanar da aure, sun tsananta ga kayan wasa, har yau kuwa malamai ba su gama saɓani a kan mas'alar ba. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fagen yana da masu shi. Bayan maganar malamai kuma ga ta al'ada: a wurinmu kiɗa gado ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidansu ya buɗe ido ya tarad da kotso. Sani Ɗandawo na Yawuri ɗan Aliyu Ɗandawo ne. Waɗanda ba su gada ba ma, irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999, tun suna da ƙuruciya suka shiga, suka sha faɗa da gori tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Amma a ce malamin makaranta, ɗan limamin ƙauye, mai 'ya'ya shida, ya wayi gari da kukuma a hannu? Wannan ko a tatsuniya ba mu ji ba.

Saboda haka sata muka yi wa kanmu. Da kakar 2019 muka tafi Jega kamar za mu sayo kaya, muka sa wani ya haɗa mana kukuma, muka cusa ta cikin buhun gero muka shigo da ita gida da magariba. Muka riƙa fakon Baba. In mun ga ya fita da keke da la'asar, kukuma a ɗaure baya, mun san ba ya dawowa sai gobe, sai mu jira yara su yi barci, mu shiga ɗakin ajiya mu rufe ƙofa.

Kai, jama'a, ba mu taɓa sanin hannun ɗan Adam yana iya fid da irin wannan ƙara ba! Wani lokaci kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, wani lokaci kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daren farko karen maƙwabta ya amsa mana. Uwargida ta leƙo ta dube mu, ta dubi abin da ke hannunmu, ta ce, "Malam, lafiya?" Muka ce lafiya lau. Ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ta ja ƙofa.

A nan ne muka gane wani abu da shekara 24 na koyarwa ba su gwada mana ba. Mutane su kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, suna nufin hannun babba ya riga ya bushe. Akwai gaskiya ciki, gama yatsunmu sun yi tauri, ƙaramin ma ƙin tashi ya ke yi sai ya ja na kusa da shi. Amma taurin yatsa da sauƙi. Abin da ke karya babba shi ne kunnensa. Yaro in ya fara koyo, kunnensa da hannunsa tare su ke rarrafe, abin da ya goga duka daɗi ya ke yi masa, ya yi ta yi yana murna har ya iya bai san ya sha wuya ba. Wani malamin gogen Turawa na ƙasar Japan, Suzuki, wanda ya rasu a 1998, a kan wannan ya gina koyarwarsa: ya ce yaro ya koyi kiɗa yadda ya koyi harshen uwarsa, da ji da maimaitawa, tun yana ɗan shekara uku. Babba fa? Kunnenmu ya yi shekara arba'in yana jin gwanaye a Rediyon Kaduna da Rima, ya yi shekara uku yana kwana da gwani a bayan katanga. Kunne ya zama alƙali, hannu kuwa jariri ne. Kowane jan izga, alƙalin nan yana zaune yana yanke hukunci. Da can in yaro ya kasa lissafi ya kifa kai bisa tebur ya ƙi sake gwadawa, mu kan ce ƙiwuya ce. Yanzu mun san sau da yawa yaron ya ga kuskurensa sarai, ganin ne ma ya kashe masa jiki.

Wata huɗu muna wannan hali. Akwai wani take da Baba ya kan buɗe kiɗansa da shi, gajere, mun haddace shi a ka tun tuni, shi mu ke ta fama mu fitar. Murya uku na farko su kan zo da kyar, ta huɗu kuwa kullum sai ta zame. Ran nan cikin hunturu, sanyi ya sa gari ya yi tsit, mun ga fitarsa da la'asar, muka shiga ɗaki muka kama. Ashe an ɗaga bikin da ya tafi, ya komo tun da magariba ba mu sani ba. Muka hau taken nan, muka faɗi a ta huɗu. Muka sake, muka faɗi. Muna cikin na wajen goma sha, sai muka ji daga bayan katanga an ɗauko taken nan sannu sannu, kamar mai bi da makaho, aka zo kan murya ta huɗu aka tsaya a kanta, aka ja ta da tsawo, sa'an nan aka yi shiru.

Gumi ya karyo mana cikin sanyin nan. Da ƙasa za ta tsage da mun shige. Muka zauna riƙe da izga ba motsi. Can sai aka sake, daidai kamar na farko, aka kuma yi shiru, irin shirun mai jiran amsa. Muka ce a ranmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka ɗaga izga muka gwada. Aka amsa. Muka matsa da yatsa kaɗan, aka sake amsawa. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ce uffan, har dare ya raba, sa'an nan muka ji ya yi tari ya ja ƙofarsa.

Da asuba muka haɗu a hanyar masallaci, ba wurin kaucewa. Muka gaishe shi idonmu a ƙasa. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, an tashi lahiya?" Muka ce, "Baba, ka yi haƙuri, mun hana ka barci." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, tun randa kaz zo da ita cikin buhu nis sani. Ai ba kullum ni ka kwana wurin buki ba." Muka ce, "To, don me ba ka yi magana ba?" Ya ce, "Mutum na ɓoyon abu nai, in hito in ce na gani? Jiya dai haƙuri yag gaza, wurin ga da kaka hwaɗuwa shi yah hana ni kwana. In an hito makaranta kawo ta in gani."

Muka kai ta. Ya jujjuya ta, ya gyara zaman jaki, ya kankare maiƙon da yatsunmu suka bari a tsagiya, ya shafa ƙaro, ya ja sau ɗaya. Wallahi sai muka ji kamar ba tamu ba. Ya miƙo mana ya ce, "Kukuma ba ta da laihi, Malam." Bai ƙara ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba.

Kwana arba'in ya hana mu ɗora yatsa a kan tsirkiya. Jan izga kawai, gaba da baya, murya ɗaya, har sai ta fita sumul ba gargada a wurin juyawa. Ya ce mu ja kamar mai jan guga cike da ruwa, wanda ba ya so ko ɗigo ya zube. Mu da mu ke gaya wa yara su haddace jadawalin sau kafin su taɓa dogon lissafi, sai ga mu muna ƙunƙuni a zuci muna cewa tsohon nan ɓata mana lokaci ya ke yi. Bayan kwana arba'in ma bai ba mu take ba, magana ya ba mu. Ya ce mu sa kukuma ta ce kuka na hawaye, sa'an nan ta ce kuka ta miya. Ku faɗa da bakinku ku ji: na fari muryarsa sama ta ke tun daga farko har ƙarshe, ta biyu kuwa sama ta fara ta sauko. Haka wuya na jiki, daga sama ya ke saukowa, wuya ta wahala kuwa daga ƙasa ta ke hawa. Mun yi shekaru muna rubuta kalmomin nan da haruffa iri ɗaya, ba mu taɓa tsayawa mun saurari hawa da saukarsu ba, sai da mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya sa tsagiyar doki ta faɗe su. Ya ce makaɗin Hausa maganar mutane ya ke bi, shi ya sa in gwani yana goga taken wani, mai taken ya kan ji sunansa tun ba a buɗe baki ba.

Zance kuwa ba ya kwana a gari. Wani ɗalibinmu aka aiko gidan Baba, ya tarad da malaminsa na lissafi zaune a ƙasa bisa tabarma, makaɗi yana bisa kujera yana ce masa, "Ba haka na ba, sake." Kashegari muka shiga aji muka ga an zana mutum da gemu da kukuma a allo. Ba mu tambayi wanda ya zana ba, gama zanen ya yi kama. Wannan da sauƙi. Wani abokin aikinmu ya ja mu gefe ya yi mana nasiha mai tsawo. Shi ma da sauƙi. Mai wuyar ta zo ne a 2021, sa'ad da aka fara maganar auren babbar 'yarmu. Sai muka ji dangin yaron sun aika har ƙauyenmu suna bincike, wai ko gidanmu yana da asalin roƙo. Yarinya ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Uwargida, wadda ba ta taɓa ɗaga mana murya ba, ta ce, "Malam, kai ka ga abin sha'awa, mu mun ga abin da zai bi 'ya'yanmu." Ba mu da amsa, domin gaskiya ta faɗa. Muka rataye kukuma wata biyar.

Abin da ya ba mu haushi cikin wannan, kuma har yanzu bai sake mu ba, shi ne mutanen nan da suka tafi tonon asalinmu su ne ranar ɗaurin auren suka aika a kira Baba, suka yi ta liƙa masa kuɗi a goshi, tsofaffinsu suna share hawaye da ya goga taken kakansu. Suna son kiɗan ya shigo gidansu, ba su son makaɗin ya zama surukinsu. Ba mu ce mun fi su ba. Mu ma shekara uku muna shan daɗin hannunsa a ɓoye, muna gaishe shi da safe kamar manomi kawai. Shi kuwa ya san duk wannan tun kafin a haife mu, bai taɓa ɗaga maganar ba. Da muka daina zuwa bai tambayi dalili ba, da muka komo bayan biki ya ce, "Malam, an dawo? Ɗauko ta."

Sharaɗi biyu uwargida ta kafa, muka karɓa: ba za mu goga a wajen gida ba, ba kuwa za mu karɓi ko kwabo a kanta ba. Na biyun bai taɓa zama jarrabawa ba, don ba wanda ya taɓa tayawa.

Bayan shekara uku da farawa muka yi ƙarfin hali muka tambaye shi, "Baba, yaushe za mu iya?" Ya dube mu ya ce, "Iyawa irin tawa? Ba ka iyawa, Malam. Ina ɗan shekara bakwai ubana yab ba ni ita, da ita ni ka kwana. Kai dai ka samu take ukku ko huɗu, ka yi su tsab." Maganar ta yi mana zafi kwana biyu, daga baya kuwa muka ji kamar an sauke mana kaya, gama dā a ɓoye muna auna kanmu da shi kowane dare, muna faɗuwa. An ce gemu ba ya hana ilmi, haka ne, amma yana rage yawan wanda za a ɗiba. Yau take huɗu gare mu. Na biyar muna kansa tun bara.

'Ya'yansa maza ba wanda ya ɗauka. Ɗaya yana kabu-kabu a Sakkwato, ɗaya yana ci-rani a Ikko, jikoki kuwa waƙoƙin fiyano su ke ji a waya. Masu biki da yawa yanzu lasifika su ke haya, ta fi arha, ba ta kuwa gajiya. Bai taɓa kuka da wannan a gabanmu ba, sai dai ran nan yana gyara mana tsirkiya ya ce, shi da ya yi zaton ɗa zai gada, ashe maƙwabci Allah ya aiko masa, shi ma mai furfura.

Da daminar 2024 ciwon sanyi ya kama masa hannun hagun, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Kukumarsa tana rataye, fatar ta saki don laima, ba mai kai ta bakin wuta. Mun yi mako biyu ba mu taɓa tamu ba, muna ganin rashin kunya ne mu yi ta ƙara a kunnen gwani shi ba ya iya amsawa. Sai ga jikansa da dare ya yi sallama ya ce, "Baba ya ce wai ka yi, yana saurare." Muka fito tsakar gida, karo na farko ba cikin ɗakin ajiya ba, muka zauna gindin katanga muka ɗauko taken nan na buɗewa. Muka wuce murya ta huɗu lafiya. Muna shiga take na biyu sai muka ji ƙwas, an buga sanda a katanga. Muka koma baya muka gyara, aka yi shiru, muka ci gaba.

Tun daga ran nan haka mu ke yi bayan lisha, in ba ruwa a ke yi ba. Yana kwance a shimfiɗarsa da sandarsa kusa, mu muna wannan gefe. Daren jiya sau uku ya buga, biyu a take na biyar, ɗaya kuwa har yanzu ba mu gane abin da muka yi ba, sai mun tambaye shi in an fito masallaci.